Waƙar da Na Baro a Ankara

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a gona a tambaye ni, ranar kasuwar Makarfi kuwa har wanda ban taɓa gani ba sai ya riƙo mini hannun riga. Garba, yaya teku take? Garba, da gaske an sa muryarka a faifai? Garba, ina ka baro Sale? Bakina ya gaji. Tun da Allah ya sa na yi ajin yaƙi da jahilci, bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha ruwa.

Mu makaɗan noma ne na Paki, gadonmu ne. Da babanmu ya rasu muka raba abin da ya bari, ni na ɗauki baki, ƙanena Sale ya ɗauki ganga. Ranar gayya ina bin manoma kunya-kunya. Wanda na ga ya duƙa da gaske in kama sunansa da na kakansa, wanda na ga yana jan jiki in yi masa habaici har ya fusata ya wuce na gabansa. In na kai ƙarshen baiti sai in saurara, gangar Sale ta amsa. Shi Sale ba mai magana ba ne, in ka ji ya yi dogon zance to an taɓa shi.

Ni ne mai kwaɗayin. Tun ranar da na ga garmaho wurin wani mai tallan magani, mutum ba ya nan amma muryarsa tana tara jama'a, na ce ni ma sai na shiga baƙin faifan nan. Kiɗan noma na damina ne, da rani sai mu koma saƙar zana kamar kowa. Ni kuwa so nake waƙa ta zama ita ce gonata, rani da damina.

Ana haka sai ga Alhaji Mamman mai goro, mutumin Kudan da ya daɗe a Ankara, babban birnin Gana. Ya zo ganin dangi bayan samun mulkin kai, ya ji mu a wani biki a Furana. Ya ce Hausawan zango can kewar gida na cinsu, duk faifan da suka ji Hausa a ciki rububinsa suke yi, kuma ya san masu ɗakin ɗaukar waƙa. Kafin ya rufe baki na ce mun amsa, ban ko dubi Sale ba.

Inna ce aikin. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta ma cika dubana ba. Sale kuwa auta ne, har gobe ita ke ajiye masa ƙanzo. Tana tankaɗe ta ce, “Kai, ƙafarka ce, ka je inda ka ga dama. Amma wannan aro na ba ka. Kafin ruwan shuka ka dawo mini da shi.”

Na ce, “Na ɗauka, Inna.”

Bayan girbi muka bi Alhaji, muka hau motar gyaɗa zuwa Zariya, daga nan jirgin ƙasa zuwa Ikko. Tsarabar da muka ɗaukar wa mutanen zango mazarƙwaila ce, cike da kwando. A jirgi wata Bayarabiya mai fataucin albasa ta zauna gabanmu. Ta dube ni ta dubi Sale, ta ga wanda ya fi kama da mai amana, ta ɗora masa goyonta a cinya ta kama barci. Sale ya yi ta ɗan buga wa yaron yatsu a baya har muka haye gadar Jebba. Da ta farka ta saka masa da wani tuwo baƙi mai santsi da miya ja wur. Ni na ci loma ɗaya na yi ta hawaye kamar wanda aka aiko wa da rasuwa. Sale ya cinye nasa ya haɗa da nawa.

Muna gangarawa kudu iska na yin nauyi, jiki na danƙo ko ba ka yi aikin komai ba. Kafin mu kai Ikko mazarƙwailar ta narke, ta bi kwando ta shiga babbar rigata, wadda na tanada don ranar faifai. A masaukin mahauta da Alhaji ya kai mu, tururuwan Ikko suka yi mini maraba irin wadda ba a taɓa yi mini ba a ƙasar Zazzau. A nan kuma aka yi mana lambar rigakafi a damtse, aka ba mu ’yar takarda, aka ce in babu ita ba a ƙetare iyaka.

Daga Ikko muka shiga mota muka yi yamma. Abin da ya fara ba ni tsoro, muna shiga ƙasar Dahome direba ya bar hannun da yake bi ya koma ɗaya hannun. Na yi salati na ce mutumin nan ya sha wani abu. Alhaji ya ce a’a, haka dokarsu take, wanda Faransa ta raina dama yake bi. Da za mu shiga Gana kuma ya sake komawa hagu. Na ce to, an ba mu ’yanci, amma ko hannun tafiya ba a bar mana iri ɗaya ba.

A iyakar Togo ne aka so a yi mana ɓarna. Akwai ’yar laya da tsakuwoyi da babanmu ya sa a cikin gangar tun ranar da aka ɗaure ta. Wani ma’aikacin kwastan mai gajeren wando ya girgiza ta, ya ji ƙwal-ƙwal, sai ya zaro wuƙa wai zai farke fatar ya ga abin da muka ɓoye. Ni ina ta roƙo da Hausa, shi yana ta faɗa da Faransanci. Sale bai roƙi kowa ba. Ya rungume gangar ya zauna a ƙasa, ya ce sai dai a fara farke shi. Wata ƙatuwar mata mai kifi da ke motarmu ta sauko ta rufe ma’aikacin da masifa, tana nuna shi tana nuna rana, har ya mayar da wuƙarsa ya kore mu da hannu. Ban san abin da ta ce masa ba, amma a kan hanya na yi mata baiti biyu, ita ma ba ta san abin da na ce ba.

Masu tambayar teku, ga amsarku: ruwa ne da ba shi da ƙetare, yana ta zuwa yana komawa kamar mai neman abin da ya yar. Na ɗanɗana, gishiri ne. Ba a ban-ruwa da shi, ba a shayar da dabba. Kogin da muka haye a jirgin fito, mota da mutane gaba ɗaya, shi ya fi burge ni.

A zango Alhaji ya sauke mu a shagon ƙofar gidansa, tsakanin huhunan goro. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa da tambayarsa. Wani tsoho mai gadi ya ce shi ɗan Saulawa ne, ya tambaye ni ko kukar bakin rijiya tana nan. Na ce tana nan. Ya ce to madalla, ya share ido ya tashi. Abincinsu dokunu ne, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da barkono. Da farko na ɗauka kwantai ne aka ba mu, na yi fushi a ɓoye. Yanzu kuwa, Allah ya sani, har marmarinsa nake yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka ɗauki makaɗi. A wurinmu in an yi rasuwa makaɗi rataye gangarsa yake yi, can kuwa ranar ce kasuwarsa, da kiɗa da rawa ake raka mamaci. A wurinmu makaɗi bakin ƙofa yake zama kusa da takalma, ya jira abin da aka miƙo masa. Can na ga makaɗa da kwat da laktaye, ana ce musu Mista, ana ba su hannu, wata ya ƙare a biya su kamar malaman asibiti. Har wani abu suke yi da ya ɗaure mini kai: su taru a ɗaki ba biki ba suna, ba kowa a gabansu, su yi ta maimaita kiɗan da suka riga suka iya. Na yi dariya a fili, amma a zuci na ce wannan ita ce rayuwar da nake nema.

Ranar ɗaukar waƙa da hantsi gangar ta ƙi magana. Raɓar teku ta saki fatar, in an buga sai ka ji kamar an mari buhun dusa. Sale ya je ya tsuguna wurin murhun mai dokunu yana gasa ta yana juyawa har ta dawo hayyacinta. Muka ruga da ita a lulluɓe cikin bargo.

Ɗakin ba taga, an manne bangonsa da wani abu mai laushi, in ka yi magana sai muryarka ta faɗi a gabanka. A tsakiya ga abin magana a kan sanda, makirfo suke ce masa. Can bayan gilashi wani mutum mai tabarau, Mista Mensa, yana zaune gaban injuna. Alhaji ne tafinta. Ya ce, “Garba, in jar fitila ta kama ka fara. Gefen faifai minti uku yake ɗauka, ba ƙari. In ka ga ya ɗaga hannu, ka nemi wurin sauka.”

Na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, minti uku ai ko gaisuwa ba a gama ba.”

Haka kuwa aka yi. Fitila ta kama na fara da sunan Allah, na yi salati, na gaida malaman Paki, na gaida Sarkin Noma, na nemi gafarar babanmu, ban ko shiga waƙar ba fitila ta mutu. Aka ce a sake, a taƙaita. Na sake. Waƙa ta fara daɗi ke nan sai na ga Mista Mensa ya ɗaga hannu ya dunƙule. Ni a sabona wanda ya ɗaga maka hannu ana cikin waƙa jinjina ya yi, kuma ba a barin mai jinjina haka nan. Na saki manoma na koma kansa, mai tabarau sarkin injuna, na bayan gilashi ba ka jin rana. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Mista Mensa bai yi dariya ba. Ya ce tsakiyar ta yi kyau, a maimaita ta daidai yadda take. A nan gizo ya yi saƙa. Ni tun da nake ban taɓa yin waƙa ɗaya sau biyu ba. Abin da na gani a gabana shi nake faɗa, in mutumin ya wuce waƙar ta wuce da shi. Don kada in sake kama wani, sai aka juya ni ina fuskantar bango, aka ja labule a gilashin. Fitila ta kama, na buɗe baki, babu komai. Ba kunyar gona, ba gumin manoma, ba wanda zai juyo ya harare ni. Muryar da ke kaiwa daga wannan gona zuwa waccan ta maƙale kamar ta ɗan tsako. Aka ce mu fita mu huta, akwai masu jira.

Masu jiran wata ƙungiya ce ta masu jita da ƙahonin Turawa, shugabansu wani dogo mai suna Kwaku. Ashe tun ɗazu kunnensa na kan Sale. Ya busa wani ɗan kiɗa ya nuna shi da haɓa. Sale ya mayar masa a ganga. Ya busa mai wuya, Sale ya mayar. Ya ce a sake, Sale ya sake, ko ƙwayar gero bai kauce ba. Nan da nan suka ja shi ciki. Ina zaune a benci ina jin gangar babanmu ta cikin bango tana hira da ƙahoni, kamar tare suka tashi. Na ji daɗi, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Da aka sake kiranmu Mista Mensa ya ce wannan ne na ƙarshe. Na tsaya gaban bangon nan. Sai Sale ya jawo kujerarsa ya zagayo ya zauna tsakanina da bangon.

Ya ce, “Yaya, bar bangon nan. Dube ni, ni za ka yi wa.”

Na ce, “Kai? Ana yi wa makaɗi waƙa ne?”

Ya ce, “Yau dai a yi.”

Fitila ta kama. Na dube shi, sai na ga tun muna yara yana bayana, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Waƙa ta zo da kanta. Abin da na iya riƙewa kaɗan ne:

Auta na Inna mai cin ƙanzo,
Kowa ya yi gaba kai kana baya,
Ni ne da baki, kai ne da amsa,
In ka yi shiru wa zai ji ni?

Ina kaiwa ƙarshen baiti ganga na amsawa, kansa a sunkuye. Ban ga hannun kowa ba, ban san yadda aka yi na sauka daidai ba. Mista Mensa ya fito da kansa ya ba ni hannu. Ya juya zaren da ya kama muryar aka sa mana muka ji, sau ɗaya. Shi ke nan jin da na yi mata har yau. Faifan kansa an ce sai an kai zaren Ingila an buga, zai zo in ya zo.

Na zaci daga nan ƙofa ta buɗe mini. Na yi ta komawa, ana ta juya ni ga bango, ba a sake samun ko ɗaya ba. Mista Mensa ya gaya wa Alhaji gaskiya, ya ce muryar akwai, amma aikin faifai na mai iya maimaitawa ne. Sale kuwa kullum da safe Kwaku na aiko masa. Har suka ɗinka masa kwat, hannuwanta sun yi masa gajere.

Da iska ta fara juyawa na san gida an kusa sharar gona, na ce ya haɗa kaya. Muna zaune bakin shagon Alhaji da la’asar. Ya daɗe yana murza makaɗin gangar a hannunsa.

Ya ce, “Yaya, sun ce in zauna.”

Na ce, “Sun ce, ko ka ce?”

“Na ce.”

Na tashi da faɗa. Na ce aro aka ba ni, da wane ido zan dubi Inna? Wa zai amsa mini ranar gayya? Na ce ni na kawo ka, kai ko son zuwa ba ka yi.

Ya bar ni na gama, sa’an nan ya yi dogon zancen da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce, “Gaskiya ne ban so zuwa ba, don ban san akwai wannan ba. A gida in mun yi wasa cewa ake Garba ya yi waƙa. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi. Amma a nan in na buga sai a yi shiru a saurara, har a ce in sake. Yaya, kai ka san daɗin wannan tun kana yaro. Ni yanzu na ɗanɗana. Ka bar ni in ƙoshi, zan zo.”

Abin da na baro gida ina nema shi ne ya faɗo a hannunsa, in na fizge shi ban san ko don Inna na yi ba ko don kaina. Na je wurin Alhaji ko zai sa baki, ya ce shi ma da ya zo cewa ya yi damina ɗaya zai yi.

Sale ya raka ni tasha cikin kwat ɗinsa. Ya ba ni turmin atamfa in kai wa Inna. Gangar na bar masa, don ni ba ta da amfani a hannuna. Mota ta tashi yana tsaye bai ɗaga hannu ba, ni ma ban ɗaga ba, muna dai duban juna har kwana ta raba mu. Hanyar dawowa ba ni da labarinta. A iyakar Togo ma’aikacin nan ya gane ni, ya kwatanta ganga da hannu yana tambaya, na kau da kai.

Na iso Paki an yi ruwan fari, gari na ƙanshin ƙasa. Na yi sallama, Inna na bakin murhu. Ta amsa, ta dubi bayana, ta daɗe tana duban zauren. Na durƙusa na ajiye atamfar na faɗa mata komai, ban rage ba. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ta tambaya ko yana cin abinci, na ce har da nawa. Ta tambaya ko yana salla, na ce yana yi. Ta tura itace cikin wuta.

Can ta ce, “Ka ce ka yi masa waƙa.”

“Na yi, Inna.”

“Yi mini ita in ji.”

Na ce ba zan iya ba, waƙar tana Ankara, ni kuma sai ina ganin mutum nake iya yi masa. Sai ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ta ce, “To dube ni. Ai da ni yake kama.”

Na duba, goshin nan ne, idanun nan ne. Na fara, ba waccan ba, wata ce dabam ta zo. Na kai ƙarshen baitin farko na saurara yadda na saba. Ita ma ta karkata kunne. Muka yi ta jira, ni da ita, har tuwon ya kama.